Ƙari Mai Ruwa a Ƙwaƙwalwar Yaro: Wane Magani ke Gare Shi?

Darasinmu na yau ya shafi wata cuta wadda ba ta da yawa, amma idan ta shiga gida takan girgiza shi. Ita ce ƙari mai ruwa da ke fitowa a cikin ƙwaƙwalwar yaro. Tambayar farko da uba ko uwa kan yi ita ce: shin akwai ƙwaya ko allurar da za ta narkar da shi ba tare da an buɗe kai ba? Amsa ita ce akwai magunguna, amma ba iri ɗaya ba ne. Kuma babu mai iya sanin wanda ya dace sai an ɗauki hoton cikin kan.

Mene ne ƙari mai ruwa?

Makiyaya da mahautan Maijirgi sun san tunkiyar nan da kan kama juyi wuri ɗaya, ta karkace kai, ta ware daga garke. Idan aka yanka ta aka fasa kan, wani lokaci akan tarar da wata ƴar jaka cike da ruwa. Jakar ce ta danne mata ƙwaƙwalwa. Ta tunkiya tsutsa ce ke kawo ta. Ƙarin yaro kuwa ba tsutsa ba ce. Tsokar jikinsa ce ke tsirowa a inda bai kamata ba, sa'an nan ta yi jaka tana tara ruwa. Amma dannewar iri ɗaya ce. Ƙoƙon kai kamar tulu yake, ba ya buɗewa. Duk abin da ya ƙaru a ciki, ƙwaƙwalwa ce zai matse.

Iri biyu ne suka fi yin jakar ruwa a kan yara. Na farko likitoci na kiran sa astrositom. Yakan fito wajen ƙeya, a sashen da ke daidaita tafiya da tsayuwa. Na biyu sunansa kraniyofaranjiyom. Sunan na da nauyi a baki, amma yana da kyau mu gane shi idan mun gan shi a takardar asibiti. Shi yakan fito a gindin ƙwaƙwalwa, bayan idanu, kusa da jijiyoyin gani. Ya fi kama yara masu shekara 5 zuwa 14. Ruwan da ke cikin jakarsa baƙi ne mai kauri, kamar tsohon man inji. A shekara guda mutum ɗaya ko biyu ne kawai cikin miliyan ke kamuwa da shi.

Duka biyu a hankali suke girma, kuma ba su cika yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki ba. Ba sa yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma wani abinci ne ya jawo su ba. Muna jaddada wannan domin kada a ɗora wa wata baiwar Allah nauyin da ba nata ba.

Alamun da za mu lura da su

Yawancin ciwon kan yara zazzaɓin cizon sauro ne, ko mura, ko zafin rana. Kada kowa ya firgita. Ciwon kan da muke magana a kansa daban yake. Yakan ɗauki makonni yana ƙaruwa. Ya fi tsanani da asuba, kuma yakan zo da amai tun yaro bai ci kome ba. Sau da yawa babu zazzaɓi. An sha maganin sauro an ƙare, ciwon yana nan.

Daga nan sai a ga yaro yana tangaɗi kamar wanda jiri ke ɗiba. Ko idonsa ɗaya ya karkace, alhali da lafiya lau yake. Ko ya riƙa karo da bakin ƙofa, ko ya kasa ganin rubutun allo. Wani yakan fara faɗuwa irin ta farfaɗiya. Jariri kuwa kansa ne ke girma fiye da kima, maɗigarsa ta kumbura, idanunsa su riƙa kallon ƙasa.

Shi ƙarin gindin ƙwaƙwalwa yana da wasu alamu nasa. A wurin akwai wata ƴar tsoka, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Ita ke ba jiki umarnin girma, da balaga, da riƙe ruwa. Idan ƙari ya danne ta, sai yaro ya daina tsawo, ƙannensa su wuce shi. Wani kuma ya kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari dare da rana.

Mun san cewa idan aka ga irin waɗannan alamu, akan ce iskoki ne ko sammu. Ba mu hana kowa addu'a ba, addu'a da asibiti ba sa karo. Abin da muke roƙo shi ne kada a tsaya wata da watanni ana jira. Jijiyar gani idan ta mutu ba ta dawowa, ko da an cire ƙarin daga baya. Kada kuma a yi wa kan yaro sakiya ko tsaga. Ruwan yana can ƙarƙashin ƙashi, aska ba ta kai gare shi.

Hanyar zuwa wurin hoto

A fara da gidan likita mafi kusa. A gaya wa malamin asibiti ranar da ciwon ya fara da duk abin da aka gani, kada a rage kome. Shi zai rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, na Tasawa ko na Mayahi, daga nan zuwa Maraɗi. Hoton da ke nuna cikin kai shi ake kira sikana. A manyan asibitoci ake samun na'urar. Likitocin da ke aikin tiyatar ƙwaƙwalwa suna babban asibitin ƙasa na Yamai da na Damagaram. A Nijeriya ma akwai su a asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato.

Me ya sa muka dage a kan hoto? Domin ba kowace jaka ba ce ƙari. Akwai cututtuka uku da ke kama da shi, kuma maganinsu daban ne ƙwarai.

Ɗaya tarin fuka ne. Ƙwayar cutar kan hau ƙwaƙwalwa ta yi dunƙule. Wannan ƙwayoyin tarin fuka ne ke warkar da shi, ana sha wata 9 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da su a ƙasarmu. Ta biyu mugunya ce da ke taruwa a cikin kai. Takan biyo bayan ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ya daɗe, ko sanƙarau. Ana yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta na tsawon makonni, wani lokaci a haɗa da zuƙe mugunyar.

Ta uku ta shafe mu mu manoma da makiyaya, don haka bari mu ɗan tsaya a kanta. Akwai wata ƙaramar tsila da ke zama a hanjin kare. Ƙwanta na fita cikin kashinsa, ya manne a gashinsa, ya shiga ƙasa da ciyawa. Tumaki da raƙuma su ci, sai jakunkunan ruwa su fito musu a hanta da huhu. Idan mahauci ya jefa wa kare wannan hantar, sai tsilar ta sake haihuwa. Yaron da ya yi wasa da karen ya ci tuwo bai wanke hannu ba, shi ma yana iya haɗiye ƙwan. Galibi a hanta ko huhu jakar ke fito masa, amma jefi-jefi takan fito a ƙwaƙwalwa. Maganinta shi ne a ciro jakar ɗungum ba tare da ta fashe ba, a haɗa da ƙwayar albendazol. Saboda haka ranar Layya da ranar kasuwa, duk hanta ko huhun da muka ga jakar ruwa a jikinsa, mu ƙone shi ko mu binne shi da zurfi. Kada mu ba kare.

Maganin da ake zubawa cikin jakar

To, idan hoto ya nuna ƙari ne fa? Gaskiyar magana, babban maganinsa aikin tiyata ne. Ƙarin ƙeya idan aka samu aka cire shi duka, fiye da yara 9 cikin 10 sukan warke, ba sa bukatar wani magani. Wannan labari ne mai daɗi, kuma ya kamata ya rage mana tsoron aiki.

Na gindin ƙwaƙwalwa shi ne mai wuya. Yana manne da jijiyoyin gani da manyan hanyoyin jini. Idan likita ya ce sai ya kankare shi duka, yana iya taɓa wurin da ke daidaita yunwa da barci, yaro ya tashi da ci marar iyaka da ƙiba mai cutarwa. Shi ya sa likitoci suka nemi wata dabara.

A shekarar 1963 wani likita ɗan asalin Pakistan mai aiki a Amurka, Ayub Ommaya, ya ƙirƙiro wata ƴar na'ura. Wata ƴar roba ce mai kama da maɓallin riga, da siririn bututu a jikinta. Akan huda ƙashin kai kaɗan, a zura bututun har cikin jakar, a bar robar a ƙarƙashin fatar kai. Daga nan duk lokacin da ruwa ya taru, likita zai soka allura a robar ya zuƙe shi. Ta nan kuma yake zuba magani kai tsaye. Har yau da sunan Ommaya ake kiran wannan na'ura.

Magani na farko da aka shahara da zubawa shi ne bleomisin. Masana a Japan ne suka samo shi daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, kuma likitocin Japan ne suka ba da labarin zuba shi cikin irin wannan jaka a 1985. Aikinsa shi ne ya ƙone bangon jakar daga ciki, domin bangon ne ke tsatso ruwan. Yana aiki, amma yana da haɗari. Idan ya yoyo waje yakan ƙone ƙwaƙwalwa mai lafiya. Don haka kafin a fara, sai an zuba wani ruwa mai fitowa a hoto, a tabbatar jakar ba ta yoyo.

Na biyu shi ne interferon. Wannan sinadari ne da jikin ɗan Adam ke yi da kansa domin yaƙi da cuta, masana suka koyi haɗa shi. Likitocin birnin Sawo Polo na ƙasar Birazil ne suka ba da labarin amfani da shi ta wannan hanya a 2005. Akan zuba shi yau, a tsallake gobe, har sau 12. Ya fi bleomisin sauƙi ga jiki. Abin da yakan jawo shi ne zazzaɓi, da kasala, da ciwon kai na ɗan lokaci.

Sai dai mu fahimci iyakar waɗannan magunguna biyu. Jakar suke motsarwa. Ba sa narkar da dunƙulen tsokar da ke gefenta, kuma ruwan na iya dawowa. To mene ne amfaninsu? Lokaci suke saya wa yaro. Akwai wani magani da ake kira gashi, inda na'ura ke harba wani haske marar ganuwa ya ƙone ƙarin. Gashi na hana wannan ƙari sake girma, amma yana cutar da ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ya rage masa basira. Likitoci na gudun yin sa ga wanda bai kai shekara 3 ba, kuma sun fi son a jinkirta shi iyakar iyawa. Kowace shekara da maganin jaka ya ba yaro kafin gashi, riba ce. A ƙasarmu an buɗe sashen gashi na farko a 2021, a cibiyar yaƙi da cutar kansa da ke Yamai. Kafin nan sai an fita waje.

Maganin da ake sawa ta jijiya

Wani lokaci astrositom kan fito a wurin da wuƙar likita ba ta iya kaiwa, kamar kan jijiyar gani. A nan ne ake amfani da magungunan kansa, waɗanda ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Biyu da aka fi haɗawa su ne karboplatin da binkristin. Ana yi mako-mako, a huta, a koma, har fiye da shekara guda. Ba kasafai suke shafe ƙarin gaba ɗaya ba. Tsayar da shi suke yi, ko su rage shi.

Manoma za su so jin asalin binkristin. Daga wata ƴar fulawa ake samun sa, mai fure fari ko ja-ja, wadda asalinta tsibirin Madagaska ne. Ana shuka ta don ado a gidajen birane. An fara ba majiyyata maganin a hukumance a Amurka a 1963. Amma kada wani ya ji haka ya tafi ya dafa ganyenta. Sai an tara tulin ganye kafin a tace ɗan ƙanƙanin magani, kuma tsiron kansa yana da dafi. Ko tataccen ma ta jijiya kaɗai ake ba da shi, a hannun wanda ya ƙware.

Waɗannan magunguna na rage ƙarfin jini da garkuwar jiki. Gashin kai na iya zubewa, amma yana sake tsirowa. Binkristin kan kawo taurin bayan gida da mutuwar ƙafa. Babban abin tsoro shi ne zazzaɓi. Yaron da ke kan wannan magani idan jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Ya riƙa kwana cikin gidan sauro, a tafasa masa ruwan sha, a nisanta shi da mai ƙyanda ko mai tari.

Akwai kuma sababbin ƙwayoyi na sha. A watan Maris na 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a ba yara wasu guda biyu tare, dabrafenib da trametinib. A gwajin da aka yi, ƙarin ya ragu sosai ga yara 47 cikin 100, alhali da tsohon maganin jijiya 11 ne cikin 100. Amma ba kowane ƙari suke ci ba. Sai wanda aka ɗebi tsokarsa aka auna, aka ga yana da wata alama ta musamman. Ba sa aiki a kan ƙarin gindin ƙwaƙwalwa irin na yara. Tsadarsu kuma ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Mun kawo labarinsu ne domin mu san ilmi na ci gaba, kuma domin kada wani ɗan damfara ya sayar mana da ƙwaya da sunan ita ce sabon maganin Turai.

Magungunan da za a koma da su gida

Waɗannan su ne suka fi shiga hannun iyaye, kuma a nan ake yawan kuskure.

Akwai deksametazon. Yana sassabe kumburin ƙwaƙwalwa, cikin kwana ɗaya ko biyu sai a ga yaro ya farfaɗo, ciwon kai ya lafa. Iyaye su ce ai ya warke. Bai warke ba, ƙarin yana nan yana girma. Wannan ƙwaya ce masu tallar magani ke sayarwa a kasuwa don sa ƙiba. Shan ta ba da umarnin likita ba yana ɓoye cutar, ya kumbura fuska, ya raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana shan ta kuma ba a tsayar masa da ita rana ɗaya, a hankali ake ragewa.

Akwai maganin farfaɗiya, kamar fenobarbital, wanda muka fi sani da Gardénal. Kullum ake sha, a lokaci ɗaya. Idan aka yanke shi kwatsam, faɗuwar na iya dawowa da ƙarfi fiye da da. A je a karɓo wani tun saura na mako guda.

Sai na yaron da ƙari ya lalata masa ƴar tsokar nan mai kama da wake. Tun da jikinsa ya daina yin wasu sinadarai, dole a riƙa ba shi su daga waje, sau da yawa har iyakar rayuwarsa. Idrokortizon na ba jiki ƙarfin jure ciwo. Ranar da yaro ke zazzaɓi ko amai, bukatarsa gare shi na ƙaruwa, don haka a tambayi likita tun wuri yadda za a yi a irin wannan rana. Rashin sa na iya kisa. Lebotiroksin na hana kasala da jin sanyi. Desmopresin kuma shi ke rage yawan fitsari. Mu da muka san zafin bazara a ƙasar Tasawa, sai mu kula ƙwarai. Irin wannan yaro ba a hana shi ruwa, ko a gona, ko a makaranta, ko a cikin mota. A gaya wa malaminsa. Idan ya kai munzalin azumi, a nemi shawarar likita kafin ya ɗauka.

Idan ruwan ƙwaƙwalwa ya toshe, akan sa wa yaro bututu ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki. Duk ranar da amai da ciwon kai da yawan barci suka dawo, wataƙila bututun ne ya toshe. A koma asibiti nan take.

Batun kuɗi da tafiya

Ba za mu ɓoye ba, jinyar nan na da nauyi. Daga Tasawa zuwa Yamai ya fi kilomita 700. Tun 2006 hukuma ta kafa tsarin jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma da yawa daga masu wannan ƙari sun wuce shekarun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu kansa na warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Daga cikin dalilan akwai zuwa a makare da yanke magani a tsakiya. A 2018 hukumar ta ɗaura aniyar kai adadin zuwa 60 cikin 100 kafin 2030, kuma irin ƙarin ƙeya da muka ambata na cikin cututtuka shida da ta sa a gaba.

A ganinmu, yanke magani a tsakiya ya fi kome ban takaici, domin an riga an sayar da akuya, an sha wahalar hanya. Yakan faru da damina, lokacin da uba ke son komawa gona. Shawararmu ita ce dangi su zauna tun kafin a tashi. A san wanda zai yi jinya, da wanda zai riƙe gonar mai jinya, da abin da asusun mata ko ƙungiyar manoma za ta iya rantawa. A asibiti kuma a nemi ofishin taimakon jama'a, a bayyana hali ba tare da jin kunya ba.

Ko bayan an sallami yaro, akan sake ɗaukar hoto lokaci-lokaci har shekaru, domin ƙarin na iya dawowa ba tare da alama ba. A adana hotunan sikana da katin asibiti da takardun magani cikin leda, a sa a akwati inda gara da ruwan sama ba za su kai ba. Mai karatu a gidan ya rubuta ranar komawa da manyan baƙaƙe, ya liƙa a bango. Ranar tafiya a ɗauki tsofaffin hotunan duka, domin da su likita zai gwada sabon.